Fayilolin mahaifina sun ɓace a tsohuwar kwamfuta

TAMBAYA: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wata kwamfuta ta tebur mai Windows XP. Da na kunna ta a watan jiya sai na tarar foldar rubuce-rubucensa wayam, babu komai. Wani mai gyara ya ce a yi mata fomatin a sa sabon Windows. Ko akwai yadda za a yi? Daga wani mai karatu a Ƙofar Kabuga, Kano.

AMSA: Allah ya gafarta wa Baba. Kafin komai, ɗan'uwa, kashe kwamfutar nan ka zare wayarta daga bango, kuma kada ka yarda da maganar fomatin. Mai gyaran so yake injin ya tashi, kai kuwa abin da ke ciki kake nema.

Idan aka goge fayil, kwamfuta ba ta share shi nan take. Sunansa kawai take cirewa daga rajista, ta rubuta cewa wurin babu kowa. Kamar gidan hayar ɗalibai ne a nan wajenku kusa da tsohuwar Jami'ar Bayero: an soke sunan yaro daga littafin mai gida, amma kayansa na cikin ɗaki har ranar da sabon ɗan haya zai shigo. Duk lokacin da ka kunna injin, Windows na rubuta ƙananan abubuwa a faifan ajiya, kuma kowanne na iya sauka a kan aikin Baba. Sabon Windows kuwa zai danne wuri mai yawa a tashi ɗaya.

Mai yiwuwa ma ba a goge komai ba. A zamanin XP akwai wani bairos da ya addabi shagunan buga takardu, yana bin filash daga inji zuwa inji, ya ɓoye foldoji ya bar gunkin bogi a madadinsu. Idan shi ne, fayilolin na nan lafiya lau, umarnin Windows mai suna attrib kaɗai zai fito da su.

Abin da za a yi shi ne a kwance akwatin a ciro faifan. Na wancan zamani galibi IDE ne, za ka gane shi da faffaɗar waya mai kama da ɗamara da layi biyu na ƙananan allurai, yawanci 40 ba ɗaya. Kwamfutocin yau ba su da wannan mashiga, sai a nemi mahaɗar da ke juya IDE zuwa USB. Ka tambaya a Beirut Road ko Farm Centre. A jona faifan a wata kwamfuta mai riga-kafi, a kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani sabo, sannan a yi bincike a kan kwafin. Cikin manhajojin dawo da fayiloli, Recuva tana da sauƙi. PhotoRec da TestDisk kyauta ne kuma sun fi naci, sai dai PhotoRec kan dawo da fayiloli babu sunayensu na asali, sai ka zauna ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da aka samo, a ajiye shi a wani faifan daban.

Amma ka kasa kunne lokacin da aka ba tsohon faifan wuta. In ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas yana maimaitawa, a cire shi nan da nan, allurar karatunsa ce ta samu matsala. Kada kowa ya buɗe murfinsa a shago. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce shi, balle ƙurar hunturun Kano. Wannan aikin ƙwararru ne, kuma da tsada.

In Baba da Hausa yake rubutu, a kwafo foldar Fonts da ke cikin Windows ɗinsa. Marubuta da yawa a wancan lokacin, da rubutun Rabi'at ko Abdalla suke aiki, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar domin haruffa masu lanƙwasa. Idan babu su a sabuwar kwamfutar, za ka buɗe takarda ka ga baka da wasu alamomi a gurbin ƙ da ɗ da ɓ, ka zaci ta lalace. Da ka sa rubutun a sabon injin, haruffan za su koma daidai.