Cunkoson Motoci a Hanyar Kujama Lokacin Bukukuwan Ƙarshen Shekara

Kowace shekara, da zarar watan Disamba ya raba tsakiya, sai hanyar da ta tashi daga Kaduna ta nufi Kachia ta cika ta batse da motoci. Ma'aikata da 'yan makaranta da 'yan kasuwa duk suna haramar zuwa gida don bikin Kirsimeti da na sabuwar shekara, wasu kuwa suna son su riski bikin Afan wanda ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu. Hanyar takan bi ta Sabon Tasha, ta wuce mashigar matatar mai wadda aka buɗe a 1980, ta ratsa Maraban Rido, sa'an nan ta isa Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun. Daga nan sai Kasuwan Magani, da Kufana, da Idon, da Kachia, inda matafiyi zai zaɓi ko ya bi ta Zonkwa ko ta Kwoi zuwa Kafanchan. A zamanin da, jirgin ƙasa ne yake ɗauke wani kaso na wannan jama'a, domin Kafanchan babbar mahaɗar dogo ce tun zamanin Turawa. Da sufurin jirgin ya ja baya, sai nauyin ya komo kan titi.

Yadda cunkoso yake haifuwa

Mutane da yawa suna zaton ba a samun cunkoso, watau abin da direbobi ke kira gosulo, sai in an yi haɗari ko wata mota ta mace a tsakiyar titi. Al'amarin ba haka yake ba. Kowane titi yana da iyakar motocin da zai iya haɗiyewa cikin sa'a guda, kamar yadda bakin tulu yake da iyakar ruwan da zai fitar. In kowane direba ya bar tazarar daƙiƙa 2 tsakaninsa da na gabansa, to, layi ɗaya ba zai wuce da mota fiye da 1,800 cikin sa'a ba, tun da daƙiƙa 3,600 ke cikin sa'a. Wannan kuwa a buɗaɗɗen titi ke nan. Inda akwai shingen jami'an tsaro, ko rami, ko tasha a bakin hanya, adadin yakan faɗi ƙasa ƙwarai.

A ɗauki misali. A ce motoci 1,000 ne suke isowa wani shinge cikin sa'a, alhali 700 kaɗai ake iya sallama. Kowace sa'a motoci 300 za su taru. In kowace mota ta ci mita 7 tare da tazararta, layin ya haura kilomita 2 ke nan cikin sa'a ɗaya tak, kuma ba zai fara raguwa ba sai masu isowa sun kasa 700. Shi ya sa wanda ya riga wani fita da rabin sa'a yakan riga shi isa da fiye da rabin sa'a.

Har ma akwai cunkoson da ba shi da wani dalili da ido zai gani. A wani gwaji da masana na ƙasar Japan suka bayyana a 2008, an sa motoci 22 su yi ta zagaye wani titi mai siffar zobe, mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 30. Ba rami, ba shinge, ba mahaɗa. Ba a jima ba sai ga motoci suna tsayawa cik. Direba ɗaya ya ɗan taɓa burki, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wannan ya ƙara, har abin ya zama tsayawa, kuma tsayawar ta riƙa ja da baya daga mota zuwa mota. Maganin wannan shi ne tazara. Direban da ya bar fili a gabansa yana iya sassauta ƙafa daga totur ba tare da ya taka burki ba, sai na bayansa su huta.

Hanyar Kachia tana da wata matsala tata. Bayan an fita daga gari, mafi yawanta layi biyu ne kurum, ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa. Littafin dokokin hanya ya yarje wa ƙananan motoci gudun kilomita 80 a irin wannan titi, amma tanka da tirela 50 ne iyakarsu. Lokacin kaka ne kuma, manyan motoci suna fitowa da citta da masara daga ƙasar Kachia. Saboda haka kowace babbar mota takan jawo jerin ƙanana a bayanta, duk suna leƙe, suna neman wuri su wuce.

Zaɓen lokacin tashi

Da safe ma'aikatan da ke zaune a Kujama da Maraban Rido suna kwarara zuwa cikin Kaduna, da yamma kuma suna komawa. Matafiyin da ya tashi daga Kaduna da gari ya waye, wajen ƙarfe 6 zuwa 7, zai tarar yawancin motocin ma'aikata suna ɗaya hannun. Wanda kuwa ya ce bari ya tashi aiki tukuna, ya yi sayayya a kasuwa, sa'an nan ya kama hanya da La'asar, ya haɗa tafiyarsa da ta masu komawa gida, kuma tun a Sabon Tasha zai fara gane kurensa. A dawowa lissafin yakan juya: gara a shigo Kaduna da tsakar rana, bayan cunkoson safe ya watse. Ranakun 23 da 24 ga Disamba su ne mafi tsanani, don haka mai ikon tashi kwana biyu kafin nan ya sauƙaƙa wa kansa. A kuma tuna Alhamis ce ranar cin Kasuwan Magani, ranar da masu saye da sayarwa da dabbobinsu sukan malalo har bakin kwalta.

Babban abin tsoro game da tashin yamma ya wuce ɓata lokaci. Sa'o'in da aka zubar tsakanin Sabon Tasha da Kujama su ne za su sa duhu ya riski iyali a dajin da ke gaban Kufana. Wannan hanya ta sha ganin 'yan fashi da masu satar mutane. A kanta ne aka sace Agom Adara, Maiwada Galadima, a watan Oktoba na 2018, aka kuma kashe shi daga baya. In magariba ta kusa alhali ba a bar Kujama ba, hikima ita ce a juya a kwana, a tashi da safe.

In an riga an shiga ciki

Laifi mafi muni a cikin cunkoso shi ne shiga hannun masu tahowa. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, amma har yanzu da layi ya tsaya sai a ga wani ya fito hagu da gudu, wasu goma su bi shi. Can gaba masu tahowa su ma sun yi haka. Sai layi biyu ya fuskanci layi biyu, goshi da goshi, ba mai gaba, ba mai baya. Shingen da zai ci minti 20 sai ya ci rabin yini, kuma motar asibiti ko ta jami'an da za su warware ƙullin ba ta da ta inda za ta bi. Abin mamaki, wanda ya fara wannan ɓarna shi ne yakan fi kowa danna oda.

Mota ma tana wahala a gosulo. Iska ba ta shiga lagireto yadda ya kamata, sai inji ya yi zafi. Lalle ne direba ya duba ruwa da bel da fanka tun a gida, ya riƙe galan na ruwa. In allurar zafi ta hau, ya fita gefe sarai, ya kashe inji, kada kuwa ya kuskura ya buɗe murfin lagireto sai ya huce, domin tafasasshen ruwan da ke ciki yana iya saɓule fuska. In tsayuwa ta yi tsawo, a kashe mota, a sauke gilashi kaɗan. Kada a ajiye jarkar fetur a cikin motar da mutane ke zaune. A cika tanki tun daga Kaduna, a tanadi ruwan sha da ɗan abin taɓawa saboda yara da tsofaffi, masu ciwon sukari kuma su sa maganinsu a jakar hannu, ba a but ƙarƙashin buhuna ba.

Sai dai haɗarin da ya fi kisa yakan zo ne bayan hanya ta buɗe. Direban da ya yi sa'a biyu yana cizon yatsa yakan so ya fanshe su tsakanin Kujama da Kachia. Motar da ke gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. In wata na tahowa da irin wannan gudu, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 44 a daƙiƙa. Ga hazon hunturu, ga hayaƙin ƙunar daji yana rufe titi, ga obalodi ya danne bayan mota. Kada a wuce babbar mota a kwana, ko a kan tudu, ko kusa da gada. Fasinja yana da haƙƙin ya tsawata wa direba, kuma sauran fasinjoji su mara masa baya maimakon su ce ya cika tsoro.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, takan ƙara yawan jami'anta a manyan hanyoyi a watannin ƙarshen shekara. Wanda ya ga haɗari, ko babbar mota ta mace ta tare hanya, sai ya buga lamba 122, kyauta ne, ya faɗi sunan garin da ya wuce na ƙarshe da kuma hannun da abin ya faru.