Aikin Hakamai Biyu Idan Aure Ya Ƙi Gyaruwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin mai sulhu bai wuce biko ba, watau ya lallashi mace ta koma ɗakinta. In abin ya faskara sai ya kaɗe rigarsa ya tafi, a bar saura ga sammaci. Shari'a kuwa ba haka ta tsara ba.

A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 35, Allah Ya yi umurni cewa idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin miji da mata, a tashi mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Su ne ake kira hakamai. Hikimar zaɓen dangi a fili take, domin mace takan gaya wa kawunta abin da kunya ba za ta bar ta ta faɗa a gaban alƙali da 'yan kallo ba, asirin gida kuma ya tsaya a zaure. Sharaɗi ne su kasance maza, baligai, adalai, masu sanin hukuncin abin da aka aike su. Mai zuwa don ya rama wa 'yar'uwarsa bai cancanta ba.

An ruwaito cewa a zamanin Halifa Usmanu saɓani ya tsananta tsakanin Aƙilu ɗan Abu Ɗalib da matarsa Faɗimatu 'yar Utba, sai Halifa ya aiki Ibnu Abbas da Mu'awiya. Ibnu Abbas ya tafi da niyyar rabawa, Mu'awiya da niyyar gyarawa. Ko da suka isa, sai suka tarar ma'auratan sun rufe ƙofa sun shirya.

Amma fa ba kullum ake dacewa haka ba. A mazhabar Imamu Malik, hakamai suna da ikon raba auren in sun ga gyara ta ƙi, ko da ma'auratan ba su yarda ba, kuma saki ɗaya ne ba'ini. In cutarwa daga miji take, a raba ba tare da matar ta biya kome ba. In daga gare ta ne, suna iya yanke hul'i da abin da suka ga ya dace.

Inda amfaninsu ya fi fitowa shi ne kan 'ya'ya, waɗanda sau da yawa akan mai da su sandan dukan juna. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar, bayan ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, ya ga ɗansa Asimu yana wasa a harabar masallacin Ƙuba, ya ɗauke shi ya aza bisa abin hawansa. Kakar yaron ta cim masa, suka yi jayayya har gaban Halifa Abubakar. Abubakar ya ce a bar mata yaron, Umar kuwa, duk da zafinsa, bai ƙara cewa uffan ba.

A kan irin wannan ne masu sulhu za su zaunar da iyaye tun zukata ba su ƙeƙashe ba. Reno haƙƙin uwa ne muddin ba ta yi wani aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. Ci da sha da tufafin yara suna wuyan uba, kuma ba a hana shi ganinsu. Wadda aka saka ba'ini tana da wurin zama har ta gama idda, in tana da ciki kuwa a ciyar da ita har ta haihu. Kayan ɗakinta nata ne, a ƙirga a gaban shaidu a miƙa mata.