Tashar Agege

Mutumin Lolo ya saba da jirgin ruwa a Kwara. In ya je Ikko, sai ya tarar da jirgin ƙasa mai kai da kawowa tsakanin unguwanni. An buɗe hanyarsa a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo. Da kati ake shiga, sunansa Cowry, watau wuri.

To, in kai baƙo ne, karanta allon kowace tasha, ka sauka Agege. Can Hausawa suka yi zango tun zamanin Turawa, saboda goron da ake lodi zuwa Arewa. Da fitarka za ka ji Hausa: ga mai tsire, ga mai shayi da burodin Agege. Tsare aljihunka cikin cunkoso. In ba ka da masauki, tambayi gidan Sarkin Hausawa.