Ciwon Kai Na Farat Ɗaya da Aikin Likita a Ƙwaƙwalwa

Maigida da uwargida, wannan darasi a kan wata cuta ce mai kada babban mutum yana tsakiyar ƙarfinsa. Mutum yana lafiya lau, yana alwala ko yana ɗaura wa jaki kaya, sai ya dafe kai ya yi ƙara. Wani kuwa faɗuwa zai yi, baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda su mutu. A ƙauyukanmu na ƙasar Gwandu da Kalgo akan ce iska ce ta buge shi, waɗansu su ce jifa ne. Likitoci sun duba cikin kawunan dubban mutane sun ga abin da idonsu: jijiyar jini ce ta toshe, ko ta fashe, a cikin ƙwaƙwalwa. Wani irin fashewar kuwa ana yi masa aiki a ceci rai, muddin an kai mara lafiya da wuri.

Yadda jini ke shayar da ƙwaƙwalwa

Kowa ya san lambun albasa a fadama. Ruwa ya taso daga inji, ya bi tiyo, ya shiga babbar magudana, daga nan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya kai ga kowane fangali. To, haka jini yake. Zuciya ita ce injin. Manyan jijiyoyi 4 ke ɗauko jini su bi ta wuya, biyu ta gaba biyu ta baya, su haɗu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, sa'an nan su yi rassa. Albasa takan jure ƙishirwar yini guda, amma ƙwaƙwalwa in ta rasa jini na 'yan mintoci sai wurin ya fara mutuwa. Gefen dama na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin gefen hagu na jiki, na hagu kuma shi ke mulkin dama. Shi ya sa ake ganin ɓari guda ya shanye, ɗaya ɓarin yana nan garau.

A 2018 likitoci sun ba da sakamakon binciken da suka yi a kan mutane fiye da 2,000 masu shanyewar ɓarin jiki a Nijeriya da Gana. Cikin kowane 100, wajen 68 toshewa ce, 32 kuwa fashewa. Hawan jini shi ne babban tushen duka biyun. Ba mai iya rarrabe toshewa da fashewa da ido, ko likita, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar da ake kira siti-sikan. Ku riƙe wannan da kyau, gama asfirin da ke taimakon mai toshewa, shi ne ke ƙara wa mai fashewa zubar jini.

Ƙululun jijiya

Ka taɓa ganin tsohon tiyo ya yi ƙululu a inda ya yi taushi? Ruwa na bugunsa kullum, ƙululun na girma, fatarsa na ƙara sirancewa, ran nan sai ya fashe. Jijiyar ƙwaƙwalwa ma takan yi haka, yawanci a inda ta rabu biyu. Likitoci suna ce wa wannan ƙululu aniyurizim. Wani bai wuce ƙwayar dawa ba, wani ya kai ɗan gyaɗa. Wajen mutum 3 cikin manya 100 suna yawo da shi ba su sani ba, kuma yawancinsu har su tsufa ba ya fashewa. Ya fi fashe wa 'yan shekara 40 zuwa 60, mata sun fi maza samunsa, kuma hawan jini da shan taba su ke hanzarta shi.

Sa'ad da ya fashe, jini ya malala ya kewaye ƙwaƙwalwa. Alamarsa ba ta ɓuya. Ciwon kai ne na farat ɗaya, kamar an maka wa mutum taɓarya a ƙeya, kafin minti guda ya kai matuƙa. Mai shi zai ce bai taɓa jin irinsa ba tun da aka haife shi. Sai amai, wuya ya sanƙare, ido ya ƙi haske, wani ya suma, wani ya yi jijjiga. A nan mutanenmu kan ruɗe, musamman da bazara, su ce sanƙarau ne. Sanƙarau da zazzaɓi yake zuwa, yana ƙaruwa cikin sa'o'i ko kwana; wannan kuwa kamar tsawa yake faɗowa. Ko wanne ne dai, duka na asibiti ne a ranar. Wani lokaci kuma ƙululun kan yi gargaɗi tun bai fashe ba: fatar ido guda ta faɗo ta rufe idon, mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Kada a tsaya ɗiga maganin ido.

Ga inda haɗarin yake. Fiye da mutum 1 cikin 10 ba sa kaiwa asibiti da rai. Sauran kuwa, jini kan daskare ya toshe ɓular na ɗan lokaci, mara lafiya ya farfaɗo, ya yi magana, har ya nemi fura. Sai gida ya ɗauka an warke. Wannan sauƙi yaudara ce. In ba a ɗaure ƙululun ba, wajen 1 cikin 5 yakan sāke fashewa kafin mako 2, kuma yini na farko ya fi kowane haɗari. Fashewa ta biyu ta fi ta fari kisa.

Abin da za ku yi a gida

Ku dubi fuskarsa, ku ce ya yi murmushi. Ku ce ya ɗaga hannu biyu. Ku ce ya faɗi sunansa da na garinsu. In baki ya karkace, ko hannu guda ya faɗi, ko harshe ya harɗe, ko kuwa ga ciwon kan da muka faɗa, to a nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne. Ku lura da lokacin da abin ya fara, gama ita ce tambayar likita ta farko. Maganin narkar da gudan jini na masu toshewa ba a ba da shi bayan awa 4 da rabi.

A kwantar da shi a kan gefensa, a ɗan tada kansa, a sassauta masa wuyan riga. Kada a ɗura masa kome, ko ruwa, ko kunu, ko rubutu. Cutar takan kashe haɗiya, abin da aka ɗura sai ya wuce huhu, mutumin da zai rayu ya mutu da ciwon haƙarƙari. Kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Jinin yana cikin ƙoƙon kai, ƙaho ba ya kaiwa can. Kada a turara masa hayaƙi. Addu'a kam ku yi ta yi, a cikin mota ma ana yinta. Ni a ganina, ba abin da ya fi cinye rayuka a wannan cuta kamar jiran shawara: a jira yaya ya dawo daga kasuwa, a aika wa baffa a wani gari. Uwargida, in maigida ba ya nan, ke ki sa a nemo mota, shawara ta biyo ku a hanya.

Mu a ɗakin shan magani awon jini za mu yi, mu rubuta muku takarda, ba mu da abin da ya wuce haka. Mutanen Dalijan da Kambaza ga asibitin Gwandu, na Diggi da Dangoma ga babban asibitin Kalgo, ga kuma Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya a Birnin Kebbi. In likita ya ce a wuce Sakkwato, ku wuce, kada ku biya gida.

Yadda ake aikin

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato akwai cibiya guda ta tiyatar ƙwaƙwalwa. Farfesa Bello Bala Shehu, ɗan jihar nan, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar nan, gama tun 1962 Dokta Latunde Odeku ya fara shi a Ibadan. Likitocin cibiyar su za su duba hoto su faɗi abin da za a yi a can, da wanda sai an tura gaba.

Hanya biyu ake bi a rufe ƙululu. Ta farko, a sa mara lafiya barci, a aske gefen kai, a yanke ɗan ɓangaren ƙoƙon kai a ajiye. Likita ba ya yanka ƙwaƙwalwa. Yana bi ta ƙarƙashinta a hankali, yana duba da madubi mai ƙara girman abu, har ya kai ga ƙululun. Sai ya matse wuyansa da ɗan ƙaramin ƙarfe mai baki biyu kamar hantsaki, wanda ba ya tsatsa. Jini ya ci gaba da bin hanyarsa, ƙululun ya bushe. A mayar da ƙashi, a ɗinke. Ƙarfen yana nan a kai har ƙarshen rai, ba ya damun kowa. Wanda ya fara yin haka shi ne Dokta Walter Dandy a Baltimo ta Amurka, a 1937. Mara lafiyarsa ma da faɗuwar fatar ido ya zo, bayan aiki idon ya buɗe.

Ta biyu ba a buɗe kai. A zura siririn bututu a jijiyar gindin cinya ko ta wuyan hannu, a bi da shi har ƙwaƙwalwa ana kallo a allo, a cusa waya mai laushi kamar gashi a cikin ƙululun har ya cika, jini ya daskare a ciki. Wani likita ɗan Italiya, Guido Guglielmi, shi ya kawo wannan dabara wajen 1990. Asibitoci kaɗan ne ke yinta a Nijeriya, kuma tana da tsada ƙwarai.

Bayan aiki ma da sauran tsaro. Daga kwana na 3 zuwa na 14 jijiyoyin da jini ya taɓa sukan tsuke, saboda haka ake riƙe mara lafiya a asibiti, ana ba shi ƙwayar nimodifin har kwana 21. Kada ku matsa a sallame shi don ya fara cin tuwo. Ku sani kuma ba kowace fashewa ake yi wa aiki ba. Wadda hawan jini ya jawo can tsakiyar ƙwaƙwalwa, sau da yawa magani da jinya sun fi wuƙa. In likita ya ce ba za a yi aiki ba, ba don ya raina ku ba ne. Kuɗi kuwa gaskiya ana kashewa, hoto da aiki da zaman jinya. Ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin tun ranar farko, kafin ku kai ga sayar da shanun noma.

Akwai wani zubar jini da ya kamata ku sani, don aikinsa ya fi sauƙi. Tsoho ya faɗo daga babur, ko ya bugi kai a ƙofar zaure, ya tashi ya kakkaɓe riga. Bayan mako 3 ko 6 sai ya fara mantuwa, yana yawan barci, yana jan ƙafa guda. Sai a ce tsufa ne, ko taɓin hankali. Jini ne ke ɗiga a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da murfinta. Likita ya huda ɓula ɗaya ko biyu a ƙoƙon kai, tsohon jinin ya fita, sau da yawa cikin 'yan kwanaki tsoho ya gane jikokinsa. Ku tuna wa likita da faɗuwar, ko da kun ga ba ta kai ta kawo ba.

Hawan jini

Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa ake raina shi. Duk wanda ya kai shekara 40, namiji ko mace, ya zo a auna shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Mace mai ciki kuwa a kowane zuwa awo. In awo ya kai 140 bisa 90 a ranaku dabam-dabam, to akwai shi. Ƙwayarsa kullum ake sha, ba sai kai ya yi nauyi ba, kuma ba a daina ta don an ji sauƙi. Gishirin da ya ishi babban mutum a yini bai kai giram 5 ba, watau ƙaramin cokali guda, har da na cikin dunƙulen miya. Kanwa ma danginsa ce. Mai jego mai hawan jini ta bar kunun kanwa. Mai shan taba ya bari. In kuma a gidanku mutum biyu 'yan ciki ɗaya, ko uwa da ɗa, sun taɓa samun fashewar ƙululu, ku faɗa mana ranar awo don mu rubuta a katinku.