Mai Bin Almasihu da Gardamar Dokar Zubar da Ciki

Ya kai mai karatu, ɗan'uwana, da ke kuma 'yar'uwata: tun da kuka soma zuwa ajin baftisma a nan Dabawa kuna yi mini tambayoyi da yawa, amma akwai guda ɗaya wadda ba a yin ta sai da murya ƙasa-ƙasa, bayan jama'a ta watse. Ita ce maganar zubar da ciki. Kun ji manya suna gardama a kan dokarta, kuna so ku san inda mai bi zai tsaya. Bari mu bi ta daki-daki.

1. Abin da doka ta ce

Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta soma aiki a 1960, ta hana zubar da ciki, ta kuwa sa ɗauri har shekara 14 a kan wanda ya aikata. Ƙofa ɗaya kaɗai ta bari: idan an yi da kyakkyawar niyya domin ceton ran uwa. Dokar Kudu ma, mai asali tun 1916, haka ta tanada.

2. Yadda gardama ta taso

A 1981 wani likita, Obatayo Oguntoye, ya kai ƙuduri Majalisar Wakilai domin a sassauta dokar. Shugabannin addini da ƙungiyar mata ta ƙasa suka ƙi, ƙudurin ya faɗi. A 2003 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniya a Maputo, wadda ta nemi a ba da izini idan fyaɗe ne, ko ciki daga muharrami, ko lafiyar uwa tana cikin haɗari. Nijeriya ta amince da ita a 2004, amma ba ta sāke dokarta ba. A 2021 maƙwabciyarmu Benin ta buɗe ƙofa har mako 12. A 2022 gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idodi domin likitoci, jama'a suka tayar, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da su cikin 'yan kwanaki.

Masu neman canji suna cewa hani bai hana ba, sai dai ya kora mata wurin masu aikin ɓoye, inda su ke mutuwa. Masu ƙi suna cewa abin da ke ciki rai ne, doka kuwa aka kafa domin ta tsare marar ƙarfi. Kada ka ɗauka dukan na farkon mugaye ne, ko dukan na biyun marasa tausayi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata wajen 82,000 suka mutu a Nijeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa. Wannan ba magana ce ta wasa ba.

3. Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

Karanta Zabura 139: Dawuda ya shaida Allah ne ya siffanta shi tun yana ɓoye a cikin uwatasa. Karanta Luka 1: Yahaya ya motsa a cikin Alisabatu sa'ad da Maryamu ta gaishe ta. Saboda haka mu masu bi ba mu ɗaukar ciki kamar kaya wanda a ke saukewa idan ya yi nauyi. Amma karanta Yahaya 8 kuma. Aka kawo mace ita kaɗai domin a jajjefe ta, ina namijin? Ubangiji Yesu bai ce zunubin ba kome ba ne, bai kuwa yarda a kashe ta ba. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan ya saki ɗaya, rabin Bishara ya riƙe.

4. Abin da ya wajaba a kanka

Na fari, kai namiji, kada ka zama sanadi. Wanda ya yi wa yarinya ciki ya musa, ko ya ba ta kuɗin magani ya juya baya, laifinsa bai fi nata sauƙi ba, ko da alƙali bai taɓa jin sunansa ba.

Na biyu, ku iyaye, kada tsoron kunya ya sa ku kori 'yarku. Sau da yawa tsoron nan ne ke kai yarinya ga jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kasuwa. Kunya takan wuce, kabari ba ya mayarwa.

Na uku, idan mace mai ciki tana zubar da jini, ko zazzaɓi ya kama ta da ciwon mara, ba lokacin bincike ba ne. A nemi mota a kai ta babban asibiti a Dutsin-Ma ko Kurfi nan da nan. Jinyar wadda ciki ya ɓare mata ba laifi ba ce a gaban doka. Idan kuma likita ya ce ciki ya zauna a wajen mahaifa, jaririn ba zai rayu ba, uwar kuwa tana iya mutuwa. Kada miji ya hana aiki yana zaton ibada ya ke yi.

Na huɗu, idan gardamar ta zo dandali, faɗi abin da ka gaskata da ladabi, ba da zagi ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna ɗaukar wannan magana da nauyi ƙwarai.

Ke kuwa wadda kika riga kika aikata, kina ɗauke da shi a zuci shekara da shekaru, ki sani ƙofar tuba ba ta rufe ba. Domin irinmu masu zunubi Almasihu ya zo.

Tambayoyi domin nazari: Wace ƙofa ɗaya doka ta bari? Me ya sa ba a kawo namijin ba a Yahaya 8? Idan yarinya ta yi ciki a gidanka gobe, me za ka soma yi?

Allah ya ba mu zuciya mai tsoronsa, mai jinƙai kuma. Amin.