DARASIN LAFIYA: SAI BANGO YA TSAGE ƘADANGARE KE SAMUN WURIN SHIGA

 

'Yan uwana magidanta na Anka, Gummi, Bukkuyum da duk inda saƙon nan ya isa, barkanmu da war haka. Darasin yau mai nauyi ne, a samu wuri a zauna a karanta shi a natse.

Shekara biyu ke nan aka kawo mini wani bawan Allah a kan mashin, daga wani ƙauye da ba zan ambata ba. Magidanci ne mai mata biyu. Ya rame, bakinsa ya yi fari kamar an shafa masa kindirmo, sati uku yana fama da ciwon kai. 'Yan uwansa suka ce jifa ne, a yi masa ruƙiyya. Na keɓe shi na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, akwai maganin da asibiti suka ɗora ka a kai?" Ya sunkuyar da kai. Ashe shekara huɗu yana shan maganin HIV, lafiyarsa lau, yana nomansa. Sai wani mai magani a kasuwa ya sayar masa da jarka biyu ta jiƙo, ya ce masa ya warke, ya zubar da ƙwayoyin. A ranar muka tura shi asibiti, amma an makara. Kwana shida ya yi. Allah Ya jiƙansa.

Tun ranar na ɗauki alkawarin sai na yi wannan bayani.

*MENE NE BANGON?*

Allah Ya halicci wasu sojoji a cikin jininmu, likitoci na kiransu CD4. Su ne ginshiƙin garkuwar jiki. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a ɗan ma'aunin jinin da ake gwadawa. Ƙwayar HIV, wadda muke ce wa ƙanjamau, aikinta cinye sojojin nan a hankali, shekara da shekaru, mutum yana yawo bai san komai ba. In suka sauka ƙasa da 200, to bango ya tsage.

Daga nan sai ƙwayoyin cutar da muke zaune da su kullum, a ƙasa, a ruwa, a iska, har a bakinmu, waɗanda ba su iya yi wa mai lafiya komai, su samu ƙofa. Mafi yawan masu rasuwa da HIV, waɗannan baƙin ne ke kai su kushewa.

Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ita, kusan mutum miliyan 1.9 a ƙasar baki ɗaya. Yankinmu na Arewa maso Yamma ya fi ko'ina ƙaranci, kashi 0.6. Alhamdu lillahi. To amma ƙarancin nan ya sa ba mu kawo ta a rai, mai ita kuma yana ɓoyewa, sai ciwo ya ci jiki a tashi neman asibiti.

*ƘADANGARUN DA KE SHIGOWA*

1. Tarin fuka, wato tibi. Shi ne kan gaba wurin kashe masu HIV a duniya. Haɗarin kamuwarsu ya ninka na sauran mutane fiye da sau goma. Alamominsa huɗu: tari, zazzaɓi, rama, da zufar dare. Ga mai HIV, ko ɗaya ce ta bayyana, kada ya jira. Gwajin majina da magani na wata shida kyauta ne a asibitin gwamnati.

2. Farin baki. Funfuna ce ke mamaye harshe da kumatu. In ta gangara maƙogwaro, haɗiyar tuwo ma sai da hawaye. Babban mutum ya ga wannan ba gaira ba dalili, ya je a gwada jininsa.

3. Sanƙarau na funfuna. Ya bambanta da wanda muka sani na lokacin zafi mai kayar da mutum kwana ɗaya. Wannan a hankali yake zuwa: ciwon kai da ba ya jin magani, wuya ya sanƙare, amai, ido ya ƙi haske, daga baya ruɗewa da surutai. Shi ne ya ɗauke bawan Allahn da na ba ku labari. Akwai gwajin jini da ke gano shi tun kafin ya kai ga kai.

4. Ciwon ƙwaƙwalwa da ake samu daga kashin kyanwa da naman da bai dahu ba. Yana zuwa da farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki. A nan ne ake yawan ɗora wa aljanu laifi.

5. Gudawa mai daɗewa, wata guda ko fiye, mutum ya tsotse kamar kara.

6. Ciwon huhu mai sa busasshen tari da haki, ko daga ɗaki zuwa masallaci sai an huta.

7. Ƙuraje masu ruwa da zafi kamar wuta, da ke jeruwa a ɓari ɗaya na jiki kamar ɗamara.

8. Ga iyayenmu mata, sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai HIV ta ninka wadda ba ta da ita sau shida wurin haɗarin kamuwa. Maigida, ka ba da izini a duba ta.

*ME KE TSAGA BANGO A NAN WAJENMU?*

Na farko, rashin gwaji. Wanda bai san yana da ita ba, ba ya kan magani, sojojinsa na ƙarewa.

Na biyu, kuma mafi girma, yanke magani. Wani ya ji sauƙi ya bari. Wani kunya, kada uwargida ta ga kwalba. Wani kuɗin mota. Wani kuma hanya ce ba ta biyuwa, ko 'yan bindiga sun tayar da garinsu ya gudo Anka ko Gummi da rigar jikinsa kawai. Ɗan uwa, duk inda ka sauka, ka nufi babban asibitin da ya fi kusa ka faɗa musu kana kan magani, ko katinka ya ɓace. Wanda jikinsa ya daidaita, ana iya ba shi na wata uku har zuwa shida lokaci guda, ka roƙa. Ka riƙa ajiye kwalbar inda hannunka zai kai in an ce a gudu. Yanke magani yana ba ƙwayar damar ta saba da shi, ranar da ka dawo ya ƙi ci.

Na uku, ƙurar zinariya. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a garuruwa irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yar Galma. Ƙurar dutsen nan da ake niƙawa, bayan dalma, tana da wani yashi mai laushi da ke maƙalewa a huhu ya yi masa tabo, kuma huhu mai tabo gonar tibi ne. Mai HIV da ke aikin rami ko injin niƙa, haɗari biyu ya haɗa. In da hali ya sauya sana'a. In babu, a jiƙa dutse kafin a niƙa, a rufe hanci, kada a kawo aikin cikin gida.

Na huɗu, ruwa. Ruwan gulbi, tabki da rijiyar da ba murfi, musamman bayan ambaliya irin wadda ta auka wa Gummi a damunar 2024. A tafasa ruwan sha. Nonon shanu ma a dafa kafin a sha, nama a bari ya dahu sosai.

Na biyar, yunwa, cunkoso a ɗaki ɗaya ba taga, shan taba da ƙwaya. A buɗe tagogi, rana da iska su shiga.

Na shida, dabbobin gida. Funfunar sanƙarau tana son ƙasar da kashin tattabaru ya taru. Wanda garkuwarsa ta yi ƙasa ya bar wa wani sharar ɗakin tattabaru da kwashe kashin kyanwa.

*YADDA AKE GYARA BANGO*

Maganin asibiti, wanda ake kira ARV, yau ga yawancin manya ƙwaya ɗaya ce tak a rana, kuma kyauta. Ba ya fitar da cutar daga jiki, amma yana danne ta har sojoji su dawo. Wanda ya dage har gwaji ya nuna ba a ganin ƙwayar a jininsa, kuma ya ci gaba da sha, ba ya shafa wa iyalinsa ta hanyar auratayya. Mai ciki in tana sha, da yardar Allah ta haifi ɗa lafiyayye.

Ana haɗawa da Septrin, mai tsare huhu, ƙwaƙwalwa da ciki, har da rage zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma maganin rigakafin tibi na 'yan watanni. In ba a ba ka ba, ka tambaya. In kana shan maganin tibi ko na ƙarin jini, ka sanar da mai ba ka ARV, don akwai yadda ake daidaita su.

Batun azumi: tunda sau ɗaya ne a rana, ka shawarci likita a mayar maka da shi dare. Wanda ciwo ya kwantar, Shari'a ta ba shi rangwame ya sha ya rama.

*MATSAYINMU MU MASU MAGANIN MUSULUNCI*

Na haura shekara sittin, fiye da rabinsu a wannan sana'a na yi su. Ina faɗa muku don Allah: ba ni da maganin da ke warkar da HIV, kuma duk wanda ya ce ka zubar da ƙwayarka ka sha nasa, ka guje shi, ko da ayoyi yake tallarsa. Zai amsa tambaya gaban Allah.

Abin da muke da shi taimako ne. Zogale, wake, gyaɗa, ƙwai, kifi da dafaffen nono suna gina jiki. Zuma tana sanyaya maƙogwaro, ban da jaririn da bai kai shekara ba. Addu'a da ruƙiyya suna ƙarfafa zuciya, a yi su a hanyar asibiti, kada su hana tafiya. Manzon Allah (SAW) ya umurce mu da neman magani, ya kuma koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Duk jiƙon da kake sha ka faɗa wa likita, don hanta da ƙoda na da iyakar abin da suke ɗauka. Masu ƙaho da wanzamai, sabuwar reza ga kowane mutum.

Sannan mu ji tsoron Allah game da harshenmu. Wata daga mijinta ta samu, wani a cikin uwa, wani ta aska ko ƙarin jini. Ba a ɗauka ta cin tuwo tare, musafaha ko sahun sallah. Tsangwamarmu ce ke sa mutum ya ɓoye kwalbarsa har ya daina sha.

Maigida, amana ce a wuyanka. In kana da ita, ka sanar da matanka, ka kai su da yara a gwada. In kana ganin ɗaya daga alamomin nan a jikinka ko na wani naka, gobe da safe ka kama hanyar asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara. A tura wa 'yan uwa, ba ka san wanda zai amfana ba.