Kafin Ka Ce "Duk Abin Da Kuka Ga Ya Dace"

Aikina ɗaukar ma'aikata ne a wani kamfani mai zaman kansa a Kano, kuma daga teburina takardun ɗaukar aiki suke fita. Akwai abin da nake so ƙannenmu masu neman aiki su sani: yawancin guraben da muke tallatawa, tun kafin a kira kowa ganawa an riga an ware musu kuɗi. Manaja ya san adadin da zai fara ambata, ya kuma san inda zai tsaya. Tsakanin biyun akwai tazara, kuma mai hujja a hannu ne yake cin moriyarta.

Abin da ke damuna shi ne, sai yaro ya amsa tambayoyi masu wuya tiryan-tiryan, amma da an ce, "Nawa kake sa ran a biya ka?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranki ya daɗe, duk abin da kuka ga ya dace." Tarbiyya ce, ina kuma ganin girmanta. To amma wannan yaron da za a aike shi Kantin Kwari sayen shadda, zai taya, a ce albarka, ya ƙara kaɗan, har a daidaita, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Neman farashin gumin mutum cikin ladabi bai saɓa wa godiya ba.

Adadin farko yana bin ma'aikaci nesa. Ƙarin shekara-shekara galibi kaso ne na abin da kake karɓa. Fansho ma haka: dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, kamfani ya zuba aƙalla kashi 10, ana lissafawa a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na mota. Idan ka tashi canja wurin aiki, sau da yawa takardar albashinka ta baya za a fara tambaya. Ga tsadar rayuwa: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya suka tashi, hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2024, shekarar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 daga 30,000. Wanda ya faro a ƙasa, da wuya ƙarin shekara ya cike masa giɓin.

Ƙarfin ciniki kuwa tun kana wurin aikinka na yanzu ake tara shi. Mun taɓa neman mai kula da sito, mutum biyu suka kai zagayen ƙarshe. Na farko ya ce shi mai ƙwazo ne, mai riƙon amana, kuma na yarda da shi. Ta biyun sai ta ciro wani ɗan littafi mai baƙin bango daga jakarta, duk gefensa ya lanƙwashe. A ciki ta rubuta, wata bayan wata, yadda kayan da ke ɓacewa a sitonsu suka riƙa raguwa tun da ta ɓullo da ƙidayar ranar Juma'a, da sabbin ma'aikatan da ta koya wa aiki, da wasiƙar yabo daga shugabanta. Da ta ambaci kuɗin da take so, manajan da kansa ya hau sama neman a amince. Ta ba shi abin da zai kare kansa da shi a gaban masu kamfani, kuma abin da kowane manaja yake buƙata ke nan.

Takardar ƙwarewa ma tana magana. Akanta mai shaidar ICAN ko ANAN, injiniya mai rajistar COREN, ko irinmu masu CIPM, a mataki daban ake ajiye su. Sannan ka san farashin aikinka a kasuwa: tambayi waɗanda suke yin sa a wasu kamfanoni, ko tsofaffin abokan karatu.

Mafi nauyin duka shi ne a ga kana da wata mafita. Kada ka ajiye aikin da ke hannunka kafin sabuwar takarda ta iso, domin mai zaman gida wata shida ba ya iya cewa a'a. Idan wani wuri ya yi maka tayi, faɗa a fili. Idan babu, don Allah kada ka ƙirƙira. Mu masu wannan aiki a gari ɗaya mun san juna, kiran waya ɗaya ya isa.

Lokacin magana shi ne bayan an ce kai ake so, kafin ka sa hannu. Nemi kwana biyu ka karanta takardar. Tambayi ko adadin da aka rubuta kafin a cire haraji da fansho ne, ko abin da zai shiga asusunka. Na sha ganin wanda ya fita da murna ya dawo ƙarshen wata fuska a murtuke saboda wannan. Idan suka ce albashi ba zai motsu ba, akwai inshorar lafiya ta iyali, kuɗin jarrabawar ƙwarewa, kuɗin tashi idan daga wani gari za ka zo, ko a sake duba albashin bayan watannin gwaji. Aikin gwamnati daban yake, sikelinsa a ƙayyade yake, abin dubawa kawai a ɗora ka a matakin da takardunka suka cancanta.

Duk abin da aka amince da shi, ka nemi a sa a cikin takardar. Manajan da ya ce "bayan wata shida za mu gyara" ana iya yi masa canji a wata na uku, ni kuma idan na buɗe fayil ɗinka, abin da aka rubuta aka sa wa hannu kaɗai zan iya kai wa ofishin kuɗi.